Yadda Baƙar Mesa Take Haifar Fara: Darasin Gado Daga Masu Kiwon Macizai

  A wannan mako mun zo muku da labarin maciji, amma kada kowa ya gudu, wanda ke kan allon nan ba ya sara.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da muka yi a aji. Ɗaya daga cikinmu yana kiwon zomaye a gida. Ya ce zomayensa biyu baƙaƙe sun haifi fari tas mai jan ido. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce zomon maƙwabta ne ya tsallako. Da muka kai ƙara wajen Malamin Kimiyya, sai ya yi dariya ya ce babu zomon da ya tsallako, kuma idan muna son mu gane sirrin, mu bincika yadda masu kiwon mesa a Amurka da Turai suke samar da farar mesa. Muka bincika, ga abin da muka samo.

Wace mesa ce wannan?

Mesar da muke magana a kanta ba irin ƙatuwar nan ba ce da take iya haɗiye akuya. Wannan ƙarama ce, tsawonta yawanci mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Masana kimiyya suna kiranta Python regius. Ba ta da dafi. Idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya, shi ya sa muka sa mata suna mesa mai dunƙulewa. Asalinta 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce. Ana samunta a Gana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru. Tana ɓuya a ramukan ɓeraye da cikin suri, kuma ɓeraye da ƙananan tsuntsaye ne abincinta. A garin Wida na ƙasar Benin har akwai wani ɗaki na gargajiya da ake ajiye irin waɗannan macizai ana girmama su.

A Amurka da Turai kuwa mutane suna ajiye ta a gida cikin akwatin gilashi, kamar yadda muke ajiye tattabaru ko kyanwa. Suna sonta saboda ba ta da faɗa, ba ta girma sosai, kuma tana iya yin shekara ashirin zuwa talatin a raye idan ana kula da ita. Duk shekara ana fitar da dubbai daga Gana da Togo da Benin zuwa waɗannan ƙasashe, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES wadda ta fara aiki a 1975 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Launinta na daji baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, da zane-zane masu ruwan zinariya. Wannan launi yana taimaka mata ta saje da ƙasa da busasshen ganye. Amma jefi-jefi, a cikin dubbai, sai a ci karo da wadda ta fita daban: jikinta fari, zanenta rawaya, idonta ja. Wato zabiya. Jikinta ba ya yin sinadarin melanin, wanda shi ne yake ba fata da ido duhu. Rawayar ta rage ne saboda wani sinadari ne daban yake samar da ita.

A shekarar 1989 wani mai kiwon macizai a Amurka mai suna Bob Clark ya samu namijin mesa zabiya da aka kama a Afirka. Ƙwaya ɗaya tak gare shi, ba shi da mace irinsa. Duk da haka, a shekarar 1992 ya ƙyanƙyashe zabiyoyi na farko da aka taɓa samu a hannun mai kiwo. A wancan lokaci ana sayar da guda ɗaya dubban daloli. To, ta yaya aka yi ɗaya ya zama da yawa? Kafin mu amsa sai mun koma baya kaɗan.

Mendel da wakensa

Akwai wani malamin coci mai suna Gregor Mendel da ya zauna a birnin Brno, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na Turai a lambu, yana haɗa iri da iri, yana ƙirga abin da ya fito. Ya haɗa mai fure ruwan shuni da mai farin fure. 'Ya'yan farko duka suka fito da fure ruwan shuni, kamar farin ya ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka yi barbara a tsakaninsu, sai farin ya dawo: 705 masu ruwan shuni, 224 farare. Idan kuka raba za ku ga kusan uku ne da ɗaya. Ya wallafa bincikensa a 1866, amma ba a kula shi ba sai a shekarar 1900, bayan ya daɗe da mutuwa.

Abin da Mendel ya gano shi ne kowace siffa tana da ƙwayoyin gado guda biyu a jikin halitta, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce: ko ita kaɗai ce sai an ga aikinta. Wata kuma mai ɓuya ce: ba a ganin aikinta sai idan ta haɗu da 'yar uwarta, wato an gaje ta daga uwa an kuma gaje ta daga uba. Farin furen bai ɓace ba, laɓewa ya yi a bayan shunin.

A wajen mesa, ƙwayar launin daji ita ce mai rinjaye, bari mu kira ta babban B. Ƙwayar zabiya ita ce mai ɓuya, mu kira ta ƙaramin b. Don haka mesa iri uku ce:

BB: launin daji, ba ta ɗauke da komai a ɓoye.
Bb: launin daji, amma tana ɗauke da ƙwayar zabiya a ɓoye.
bb: zabiya.

Ku lura da kyau, BB da Bb kamanninsu ɗaya ne. Ko ka ƙura musu ido yini guda ba za ka bambance su ba. Masu kiwo suna kiran mai Bb da suna het.

Abin da ya sa ake haɗa dangi

Yanzu mu koma wajen mai zabiya ɗaya tak. Namijinsa bb ne. Ya haɗa shi da mace ta daji, wadda BB ce. Uban ba shi da abin bayarwa sai b, uwar ba ta da abin bayarwa sai B. Saboda haka duk 'ya'yan Bb ne. Babu fari ko ɗaya a cikinsu, amma kowanne yana ɗauke da farin a ɓoye.

Nan ne haƙuri yake shigowa. Macen wannan mesa tana ɗaukar kamar shekara biyu zuwa uku kafin ta isa yin ƙwai. Ba ta yin ƙwai da yawa, yawanci kamar shida ne a lokaci guda, kuma sai sun yi kusan wata biyu a wuri mai ɗumi kafin su ƙyanƙyashe. Idan 'ya'yan sun girma, ina mai kiwon zai samo wata mai ɗauke da ƙaramin b? A duk gidansa babu mai ita sai uban da 'ya'yansa. Hanya biyu ce ta rage masa, kuma dukansu haɗa dangi ne.

Hanya ta farko, ya haɗa uban da 'yarsa, wato bb da Bb. Uban kullum b yake bayarwa. 'Yar kuwa ko ta ba da B ko ta ba da b. Don haka kowane ƙwai rabi da rabi ne: ko Bb mai launin daji, ko bb zabiya.

Hanya ta biyu, ya haɗa wa da ƙanwa, wato Bb da Bb. A nan abu huɗu ne zai iya faruwa:

B daga uba, B daga uwa: BB, launin daji.
B daga uba, b daga uwa: Bb, launin daji.
b daga uba, B daga uwa: Bb, launin daji.
b daga uba, b daga uwa: bb, zabiya.

Uku masu launin daji, ɗaya fari. Lissafin waken Mendel ne ya sake fitowa a jikin maciji. Kuma shi ne amsar gardamar ajinmu. Zomayen abokinmu biyu baƙaƙe ne a ido, amma kowanne yana ɗauke da ƙwayar fari a ɓoye, ɗan da ya gaji biyun ya fito fari mai jan ido. Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa bai yi kama da iyayensa ba. A wannan karon dai albasar ta yi halin ruwa, halin ne yake ɓoye.

Ɗaya cikin huɗu ba alƙawari ba ne

A nan ne da yawanmu muka yi kuskure da farko. Mun ɗauka idan ƙwai huɗu ne, dole ɗaya ya fito fari. Ba haka ba ne. Kowane ƙwai da nasa rabon, bai san abin da ya faru da na kusa da shi ba. Malamar Lissafi ta taimaka mana muka lissafa: idan Bb da Bb suka yi ƙwai shida, damar a rasa zabiya gaba ɗaya ita ce uku bisa huɗu a ninka da kansa sau shida, wato kusan 18 cikin 100. Mutum zai iya jira shekara uku, ƙwai su fashe, ya ga babu fari ko ɗaya. Wani kuma ya samu uku a cikin shida.

Kuna iya gwadawa da kanku. Ku samo gwangwani biyu, ɗaya uba, ɗaya uwa. A kowanne ku sa jan wake ɗaya da farin wake ɗaya. Ja shi ne B, fari shi ne b. Ku rufe ido ku zaro ɗaya daga kowane gwangwani, ku rubuta abin da ya fito, ku mayar, ku sake. Fari da fari ne kaɗai zabiya. Da muka yi a ƙungiya, a zagayen farko sai da muka fara zargin waken, don fari da fari ya ƙi fitowa. Da muka yi ta yi har hannu ya gaji, sai lissafin ya matso kusa da ɗaya cikin huɗu.

Ga wani abin sha'awa kuma. A cikin 'ya'ya masu launin daji da Bb da Bb suka haifa, biyu cikin uku ne suke ɗauke da b. Tunda ba a gane su da ido, masu kiwo suna sayar da su da lakabin het na kashi 66 cikin 100. Ma'ana mai saye ya san sa'a yake gwadawa. Hanyar da suka daɗe suna bi don tabbatarwa ita ce su haɗa macijin da zabiya idan ya girma. In ɗa fari ya fito ko da ɗaya ne, to an tabbata yana ɗauke da ita.

Ba zabiya kaɗai ba

Akwai wasu launukan da suke bin wannan doka. Ɗaya ita ce mai dabbare-dabbare, wadda wani sashe na jikinta fari ne fat kamar an zuba mata madara, sauran kuma yana da zane. Wani mai kiwo a Amurka, Peter Kahl, shi ya nuna a 1997 cewa ana gadon wannan launi. Akwai kuma wadda ba ta da rawaya, sai baƙi da toka-toka da fari.

Me kuke tsammani zai faru idan aka haɗa zabiya da mai dabbare-dabbare? Mu mun ce za a samu rabi wannan rabi wancan. Ashe duk 'ya'yan launin daji suke fitowa. Dalili kuwa ƙwayoyin biyu daban-daban ne, kowace tana jiran tata 'yar uwar. Sai an sake haɗa waɗannan 'ya'ya a tsakaninsu sannan za a iya samun wadda ta haɗa launukan biyu, kuma damarta ɗaya ce cikin 16, wato ɗaya bisa huɗu sau ɗaya bisa huɗu.

Abin da macijin yake biya

Zuwa nan labarin kamar duk riba ne, amma akwai hasara, kuma macijin ne yake ɗaukarta. Ba ƙwayar launi ce kaɗai take ɓuya ba. Kowace halitta tana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu cutarwa a ɓoye, waɗanda ba sa yin komai muddin ɗaya ɗaya ne. Wa da ƙanwa, ko uba da 'ya, sun yi tarayya a kusan rabin ƙwayoyin gadonsu. Hanyar da b take bi ta haɗu da b, ita ce mummunar ƙwaya take bi ta haɗu da irinta. Mai kiwo yana zaɓar launi ne, amma bai san me launin ya jawo a bayansa ba. Idan aka yi ta haɗa dangi zuriya bayan zuriya, a dabbobi da yawa ana ganin 'ya'ya masu rauni, da ƙwai da ba sa ƙyanƙyashewa, da nakasa.

Wani lokaci ma launin kansa ne yake tafe da cuta. Akwai wani nau'in zabiya mai ruwan alewa da aka sani da yawan fitowa da karkataccen ƙashin baya. Akwai kuma mai zane irin na saƙar gizo-gizo. Ita ƙwayarta ba mai ɓuya ba ce, guda ɗaya ta isa, amma tana zuwa da matsalar karkarwar kai da rashin daidaita jiki, har wata takan kasa saita abincinta. A shekarar 2018 wata ƙungiyar masu kiwon macizai a Birtaniya ta hana sayar da irinta a kasuwannin baje kolinta. Har yanzu masu kiwo suna jayayya a kan ko ya dace a ci gaba da haifar dabba mai kyan gani alhali an san tana iya wahala. Mu dai a ƙungiyarmu mun tsaya a kan cewa bai dace ba. Dabbar da take hannunka amana ce, ba zanen atamfa ba ce.

Masu kiwo na kirki suna rage haɗarin ta hanya biyu. Suna rubuta asalin kowane maciji, wa ya haifi wa. Kuma da zarar launin ya samu, sai su kawo baƙon jini daga wani gida su haɗa, ko da hakan zai sa launin ya sake ɓuya na zuriya ɗaya. Masu kiwon tattabaru da zomaye da kaji a cikinmu, wannan shawara taku ce. Kada ku bar zakara ɗaya da 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru. Ku riƙa musanya da abokai.

Ina ruwanmu da mesar Amurka?

Ruwanmu ya kai har wuya, domin mu ma wannan doka muke bi. Misali na farko shi ne 'yan uwanmu zabiya. Yawancin nau'o'in zabiya a jikin mutum ta ƙwaya mai ɓuya ake gadonsu. Uwa baƙa da uba baƙi suna iya haifar zabiya idan dukansu suna ɗauke da ƙwayar. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin aljanu ba ne, kuma ba a ɗauka ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. Abin da ɗan uwanmu zabiya yake buƙata shi ne kariya daga rana, da kujerar gaba a aji saboda yawancinsu idonsu ba ya gani sosai daga nesa. Tsokana da sa suna ba su da wuri a makarantarmu. Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da zabiya ta duniya.

Misali na biyu ya fi nauyi, wato ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini. Kun sha jin AA da AS da SS. Ku sa su a gurbin BB da Bb da bb, za ku ga lissafi ɗaya ne. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da S ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Ku tuna da waken gwangwani: samun ɗa ɗaya mai sikila ba ya nufin uku na gaba sun tsira. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haifar yara masu sikila a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar. Da wuya a samu aji a makarantar nan da ba a san wani mai fama da ciwon ba. Mun ga yadda yake raba ɗalibi da darasi, wani lokaci har da jarrabawa.

A garuruwanmu ana auren zumunci, kuma mu yara ne, ba mu isa mu ce wa manya ga yadda za su yi ba. Abin da lissafi ya nuna kawai za mu faɗa. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka damar ɓoyayyun ƙwayoyi su haɗu ta ɗan fi ta bare yawa, duk da cewa ba ta kai ta macizan da muka ambata ba ko kusa. A batun sikila kuwa, tunda masu AS suna da yawa, bare da bare ma suna iya haɗuwa. Don haka gwaji ya shafi kowa, dangi ko ba dangi ba. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma gwajin sikila yana ciki. Mai kiwon mesa sai ya jira shekaru kafin ya san abin da macijinsa yake ɓoyewa. Mu kuwa ɗan jini kaɗan a asibiti ya isa. Muna roƙon kowa ya tambayi Baba ko Mama ko sun san rukuninsa, in ba su sani ba a nemi a gwada. Rigakafi ya fi magani.

Gargaɗi kafin mu rufe

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai shiga daji neman farar mesa don ya samu daloli. A yankinmu akwai kububuwa da kasa da gamsheƙa, dukansu masu kisa ne, kuma wanda bai ƙware ba ba zai bambance su da marasa dafi a cikin duhun rami ba. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ya isa shaida cewa abin ba wasa ba ne. In ka ga maciji ka ja da baya ka kira babba. In ya sari wani, a garzaya da shi asibiti.

Tambayar mako

Mai kiwo ya haɗa mesa BB da mesa Bb. 'Ya'ya nawa cikin huɗu ake sa ran su fito zabiya, kuma nawa ne za su ɗauki ƙwayar a ɓoye? Sannan idan AA ya auri AS, za a iya samun SS? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar ofishin malamai kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

 Don Allah a karanta da ido, kada a yage takarda. Mu haɗu a mako mai zuwa.